Gidan Kurudu da Kibiyar Auta

Har yau idan aka tambaye ni wa ya zana gidana na Kurudu, sai na ɗan yi gyaran murya kafin in amsa. Ƙanwata ce ta zana shi, autarmu, wadda nake ɗauka a kafaɗa in kai ta makaranta a Zariya tana ja mini kunne. Amma ba zan dafa littafi in ce abin da ta zana shi ne abin da ke tsaye a filin ba.

A lokacin sojoji sun koma bariki, farar hula na kan mulki, kuɗin mai ya shigo Abuja ta kowace ƙofa. Duk inda ka waiga tifa ce ɗauke da yashi. Har masinjan ofishinmu maganar fuloti yake yi. Ni kuwa ma'aikaci ne a sashen ajiye fayil na wata ma'aikata, ina haya a Karu, ciki da falo, a gidan da kowane ɗan haya ke da janaretansa. Da an ɗauke wuta sai ka ji sun tashi ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi ya cika tsakar gida, shanyar matata ta koma warin fetur. Da na samu fili a Kurudu, ban yi mafarkin komai ba face gidan da zan ji maganar iyalina ba tare da na ce "me kika ce?" ba.

Auta ta karanta zanen gine-gine a jami'a, tana aiki a wani kamfani a cikin gari. Aikinta a can shi ne ta zana abin da oganta yake so, abin da yake so kuwa benaye ne masu gilashi tun daga ƙasa har sama. Ta tsani aikin. Takan ce akwatin gilashi ne aka ajiye a rana, ba ya rayuwa sai da na'urar sanyi da janareta. Ranar da ta ji na samu fili, ko sallamar kirki ba ta yi ba ta baza wata babbar takarda a kan tabarmata.

"Yaya, wannan gidan nawa ne. Kai dai zama kawai za ka yi a ciki."

Ta fara da bulo. Ba na siminti ba, na jar ƙasa, wanda inji ke matsewa da ɗan siminti kaɗan. Raina ya ɓaci nan take. Na ce na baro Zariya na zo babban birnin ƙasa don in gina gidan ƙasa? Ta ce siminti sai an ƙona dutse da wuta mai tsanani kafin a same shi, hayaƙin kuma yana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi. Na ce duniya ta ji da kanta, ni dangin matata nake tunani. Ta yi dariya ta wuce kan rufi. Rufin gefe guda zai karkata, farantan sola kuma ba daga baya za a ɗora su ba, su ne rufin baranda gaba ɗaya, su ba da inuwa a ƙasa, su sha rana a sama. Akwai ƙananan tagogi can sama kusa da rufi inda iska mai zafi za ta fita. Bango biyu gajeru ba su da taga ko ɗaya.

"Sai gidan ya rage cin wuta tukuna, sannan sola ta iya ciyar da shi," in ji ta. "Gida mai zafi sola ba ta iya masa. Ka gane?"

Na ce na gane. Ban gane ba. Ta yi maganar kudu da arewa, ta maimaita, ta zana rana da yatsa tana hawa tana sauka, ni kuwa hankalina yana kan ko falon zai ci kujeruna. Ni ne babba. Ban saba cewa "sake faɗi" ga yarinyar da na koya wa rubuta sunanta ba.

Sai da ta naɗe takardar ta gaya mini abin da ya sa take rawar jiki. Akwai wani mutumin Filato mai gina ƙananan gidaje yana sayarwa a wajen Kuje. Ya saurare ta, ya ce magana mai daɗi ce, amma shi ba ya sayen magana. Ta nuna masa gida ɗaya a tsaye, mai sanyi da la'asar, babu janareta, zai ba ta layin gidaje guda ta zana yadda take so, ta bar gilashin oganta har abada.

"Gidan nan shi ne takardar shaidata, Yaya. Ba ni da wani."

Wata Asabar muka je filin tare. Fili ne mai faɗi, gidan ƙarami, titi kuwa ba a ma share shi ba, sai sawun mota a cikin ciyawa ta ɓangare biyu. Akwai wata tsohuwar kaɗanya a gefe. Auta ta fito da wani abu kamar agogo ta riƙe a tafin hannu, ta yi ta kai da komowa, ta kafa turaku huɗu ta ɗaura musu jan ƙyalle. Ni ina ƙarƙashin kaɗanyar ina cin gyaɗa.

A lokacin Auta tana da aure, ga juna biyu, bayan haka sai cikin ya zo mata da wahala. Likita ya ce ta kwanta, kar ta yi aiki, kar a ɗaga mata hankali. Mijinta ya kai ta Zariya wurin mahaifiyarmu. Kafin in haɗa kayan aiki damina ta shiga ta fita, mutumin da ke noma wurin tun kafin a yanka shi ya yi kunyar doyarsa kamar kullum, turakun kuma ya tumɓuke su don sun tare masa garma. Ban ga laifinsa ba.

Ga inda nawa laifin ya fara. Mu a sashen fayil muna da ƙa'ida, asalin takarda ba ya fita waje. Sai na kai zanen Auta ofis na ɗauki kwafi, na sa asalin a fayil na ɗaure da igiya na ajiye a kan durowa. Injin ofishinmu bai kai takardar faɗi ba, ya ɗan yanke bakinta ta sama. Na duba na ga duk ɗakunan sun fito, na ce ai shi kenan.

Maginin da na ɗauka dattijo ne Bakatsine, ya gina masallatai da dama tsakanin Karu da Nyanya, kowa Baba yake ce masa. Ranar jan igiyar harsashin gini ya riƙe kwafin nesa da fuskarsa yana ƙanƙance ido. A kusurwar sama akwai wata kibiya a cikin da'ira, ita kaɗai, ba rubutu.

"Allah ya yi wa yarinyar nan albarka," in ji shi. "Ga alƙibla ta sa mana."

Wallahi har zuciyata na ji daɗi. Na taɓa ganin irin kibiyar a silin wani otal a Kaduna da aka kai mu bita, ita muka bi muka yi salla. Me kuma kibiya za ta nuna a takardar 'yar Musulmi? Muka hango kan wani ɗan masallaci da ake ginawa can gaba, Baba ya juya takardar har kibiyar ta yi daidai da shi, ya danne ta da duwatsu huɗu a ƙasa. Aka fara jan igiya.

Can sai na ga ya tsugunna, yatsansa a kan wani ɗan ɗaki a takardar.

"Malam, zo ka gani."

Masai ne. Yadda aka zana shi, duk wanda ya zauna fuskarsa na bin kibiyar sak. Wato alƙibla zai fuskanta. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, kamar ni aka kama. Abin da mahaifiyarmu ta koya mana tun ba mu iya riƙe buta ba, shi Auta ta manta a takarda, kuma ga shi a hannun baƙo.

"Boko kenan," in ji Baba, yana girgiza kai.

Na taso masa, na ce ya tsaya a kan aikinsa, ba ruwansa da karatun ƙanwata. Amma a cikina na yarda da shi. Na ciro waya, na nemo lambarta, na tsaya ina kallo. Tana kwance, likita ya hana a ɗaga mata hankali. Kuma da wane baki zan gaya wa matar aure mai digiri cewa ta fuskantar da masai alƙibla? Na mayar da wayar aljihu.

"Baba, ka rufa mana asiri. Ka juya masan kawai, sauran a bar shi yadda ta zana."

Ya ce ai dama aikinsu ne rufin asiri. Na koma gida ranar ina jin na yi abin da babban wa ya kamata ya yi.

Daga nan abubuwa suka riƙa ɗaure mini kai, ina kwance su da hannuna ta hanyar da ba ita ba. Da ginin ya tashi sai na ga gidan ya juya wa hanyar da aka fi bi bangon da ba shi da taga. Na tambayi Baba, ya ce gidan mutunci ai ba ya leƙen titi. Na ce haka ne. A takarda akwai zanen bishiya kusa da ɗaya daga cikin gajerun bangayen, a ƙasa kuwa babu komai a wurin, kaɗanyar tana can tsaye a gaban baranda. Na ce wataƙila wadda za a shuka nan gaba take nufi. Duk abin da bai zauna ba, sai in samo masa dalili, in dalilin ya ƙi, in ce ilmi ne da ya fi ƙarfina.

Auta takan kira daga Zariya da muryar mai kwanciya.

"Yaya, kun bi turakun?"

"Turaku sun bi doya. Amma mun bi kibiyarki, ko taku ɗaya ba mu kauce ba."

"To alhamdu lillahi. Ita ce komai."

Na tura mata hotunan bulo, na tagogi, na katakon rufi, duk daga kusa don ta ga kyan aiki. Ta yaba. Ta haihu lafiya, mace, ta zauna wankan jego, mahaifiyarmu ta ƙi sakinta da wuri saboda jikin bai koma daidai ba.

Mutum ɗaya ne ya kusa ceto ni, mai haɗa sola, ɗan Kudancin Kaduna. Ya hau rufin, ya tsaya, ya kalli sama, ya sauko.

"Oga, wannan rufi yana kallon yamma fa. Wane ne ya zana?"

"Akitet ce. Ƙanwata."

"To in akitet ne ya ce, shi ya sani. Amma wannan itace dole ka sare, da yamma zai rufe faranti duka."

Ban ji daɗin yadda ya ce "wane ne ya zana" ba, na ɗauka raini ne ga aikin ƙanwata. Na ce masa ya ɗaura abin da aka kawo shi ɗaurawa. Kaɗanyar kuwa na sa aka sare ta a yini ɗaya. Matan unguwa suka zo suka kwashe itacen suna mini godiya, wata tsohuwa kuma ta tsaya tana kallon kututturen ba ta ɗauki ko ƙirare ba.

Muka tare da bazara. Gidan ya yi kyau, wannan ba ƙarya, ja jawur, masu wucewa har tsayawa suke yi. Amma da gari ya waye rana ke shigowa ɗakin kwana ta manyan tagogi, ta sauka a kan gado. Da azahar a ɗan samu sauƙi. Daga la'asar kuwa sai ta sunkuyo ta ƙarƙashin rufin baranda, ta ratsa falo har bangon ƙarshe. Bulon jar ƙasa ya sha zafin ya ƙoshi, bayan magariba ya fara mayar mana da shi. Fanka uku na juyi tun safe, batir ya mutu kafin a kira isha'i. Da hadarin farko ya taso daga gabas, ruwa ya shigo ta ƙananan tagogin sama ya jiƙa mana katifa.

Na rasa wa zan zarga. Yau in ce bulon ne, gobe in ce mai sola ya cuce ni, jibi in zauna ina tunanin ko haka gidajen zamani suke, sai jiki ya saba. Matata ta ce in sayo janareta da na'urar sanyi mu huta. Na ƙi. A ɓoye kuwa na fara tunanin Auta ba ta iya aikin ba, wadda ta kuskure masai ai za ta kuskure wani abu. Tausayinta ya kama ni. Da ta kira ta tambaya, sai na ce, "Gida sai sanyi, Auta. Har bargo muke nema." Na ce a raina in ta dawo ta warware sosai, zan zaunar da ita a hankali.

Ba ta ba ni wannan damar ba. Ta dawo Abuja, washegari mutumin Filaton zai yi tafiya mai nisa, sai ta ɗauko shi kai tsaye. Ita ta zaɓi la'asar da kanta, don ya ga gidan a lokacin da rana ta fi cizo. Ta kira ni suna kan hanya. Na buɗe duk tagogi, na zuba ruwa a baranda, na tsaya a ƙofa ina addu'ar da ban san me nake roƙo a cikinta ba.

Ta fito daga mota da jaririya a kafaɗa tana murmushi. Taku uku ta yi ta tsaya. Ta kalli kututturen kaɗanya. Ta kalli inuwarta a ƙasa, ta ɗaga kai ta kalli rana, ta kalli farantan da ke kallon ranar ido da ido. Murmushin ya tafi. Ta miƙa wa matata jaririyar, ta zagaya gidan ita kaɗai, a hankali, tana shafa bango da tafin hannu.

Baƙon ya riga ya shiga falo. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, ya yaba bulon, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. Kafin ya gama kofin ruwa rigarsa ta manne a bayansa. Ya ɗauki wata jarida a kan tebur yana fifita.

"Madam, wannan ne gidan sanyi ɗin?"

Na buɗe baki zan ce abin da ta zana muka gina, ba mu ƙara ba mu rage ba. A tunanina kare ta zan yi. Ta riga ni.

"Oga, laifina ne. Ban zo ranar da aka ja igiya ba. Ya kamata in zo, ko in aiko wani, ban yi ba."

Ko kallona ba ta yi ba. Mutumin ya ce ba komai, aiki ya gaji haka, za su yi waya. Ya gaishe ni da hannu biyu, ya shiga motarsa, na ji ya ce wa direba ya ƙara sanyi.

Muka zauna a baranda, rana na dukan fuskokinmu. Ta ce in kawo takardar da aka yi aiki da ita. Na kawo kwafin, duk ya sha ƙasa. Ta duba kusurwar, ta ce in kawo asalin. Na sauko da fayil, na kwance igiya, ga shi fes kamar ranar da ta ba ni. A saman kibiyar, daidai inda injin ofishinmu ya yanke, akwai harafin da ke nuna arewa.

"Arewa ce, Yaya. Me kuka ɗauke ta?"

"Alƙibla."

Ta rufe ido. Ta ce dogayen bangaye masu tagogi kudu da arewa za su kalla, inda rana ke bi ta sama, rufi ya tare ta. Gajerun marasa taga su ne na gabas da yamma. Kaɗanyar ita ce za ta tsare bangon yamma. Duk wannan ta faɗa mini a kan tabarmata a Karu, na ce na gane. Yanzu kam na gane, cikin minti biyu, ina zaune a cikin zafin.

Saura ɗan girman da ya rage mini, sai na jawo shi. Na ce to ko ma dai yaya ne, akwai abin da ban so in faɗa ba, masan da ta zana kibiyar yake bi, mu muka juya shi a ɓoye don kar magana ta fita. Ta tashi ta shiga ta duba. Ta fito tana dariya har tana dafa bango, ni ma na fara tayawa ban san dalili ba. Sai dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba.

"Yaya, gida ɗaya muka tashi. Kwana biyu na yi ina juya masan nan a takarda don ya kalli arewa, kar ya fuskanci alƙibla, kar ya ba ta baya." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Don kar ki ji kunya."

Ta daɗe tana kallona. Ta karɓi 'yarta ta goya, ta yi wa matata sallama.

Mutumin bai kira ba. Na bi ta hanyar Kuje bayan wani lokaci na ga layinsa, bulon siminti, kowane gida da ɗan kejin janareta a baya. Auta ta koma kan teburinta wurin mai gilashi, ta daɗe a can. Ba ta taɓa gaya wa kowa a dangi abin da ya faru ba, har mahaifiyarmu ta rasu tana cewa Auta ce ta yi wa yayanta gida mai zafi. Na sha niyyar gyara maganar a gaban mutane, in na fara sai Auta ta sako wata hira.

Bayan wasu watanni ta aiko mini da ƙaramar takarda, zanen katangar katako mai ramuka da za a kafa a gaban baranda, da wuraren da zan shuka bishiya. Wannan karon asalin na kai wa kafinta, kuma na kira ta sau huɗu a yini ɗaya ina tambaya, har ta ce, "Yaya, ƙusa ce kawai, a buga ta." An samu sauƙi, ba a warke ba. Janareta dai na saya, yana bayan gida, in na ji za ta zo sai in rufe shi da buhu, ita kuma ta yi kamar ba ta ga buhun ba.

Har yanzu in na zauna ina juya abin, ban san wa na rufa wa asiri ranar nan a fili ba, ita ko kaina da ba ya son ya yi tambaya. Zumunci bai yanke ba. Tana zuwa da yaranta, ta kawo mana tsaraba, ta sha shayi, ta tsokane ni kan furfura. Amma da safe take zuwa. Da ta ji an kira azahar sai ta fara neman takalman yara. Shekara da shekaru ke nan, ba ta sake yin la'asar a gidana ba.